Tanki A Sama, Jarka A Ƙasa: Me Ke Raya Haɗin Gwiwar Ruwan Sha, Me Ke Kashe Shi?

A bayan kasuwar garinmu, nan cikin Jigawa, akwai wani tankin ruwa da aka ɗora kan dogayen ƙarafa, tun daga bakin titi ana hango shi. Ranar da aka buɗe shi manya sun zo, aka murɗa famfo, ruwa ya zubo, mata suka rangaɗa guɗa. Bai cika shekara biyu ba injin da ke can cikin rijiyar, wanda masu gyara ke kira sumo, ya ƙone. Dattawa suka kai kuka ƙaramar hukuma, aka ce musu aikin jiha ne. Aka bi ta jiha, aka ce ai aikin mazaɓa ne na tarayya. Yau kawunan famfon duk an kwance su, awaki ne ke shan inuwa a gindin tankin.

Taku kaɗan daga wurin wani bawan Allah ya haƙa tasa burtsatsen, ya sa janareto da tankin roba guda biyu. Tun kafin a sallame sallar asuba 'yan garuwa sun yi layi, kowa da kurarsa cike da jarkoki. Shi ma injinsa yana lalacewa, amma ban taɓa ganin ya wuce kwana biyu a tsaye ba. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce da ni: “Malam, ranar da injin nan bai tashi ba, tukunyar gidana ma ba ta hawa murhu.”

Shi ya sa duk lokacin da aka taso da zancen haɗin gwiwar gwamnati da 'yan kasuwa a harkar ruwa, mutane suka ce “za a sayar mana da ruwa”, nakan ce an riga an sayar, tun tuni, kuma talaka ne ke saye da mafi tsada. Mu yi lissafi. A ce jarka mai lita 25 tana naira 100 idan an kawo ta ƙofar gida. Lita 1,000, wato ma'aunin da hukumomin ruwa ke yanka farashi da shi, jarka 40 ke nan, naira 4,000. Gidan da ke da mutum goma, ko da kowa zai tsaya kan lita 20 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauka a matsayin mafi ƙarancin buƙata, jarka takwas yake sha kullum, ban da dabbobi. Mai famfo a gidansa a birni, in dai ruwan na zuwa, ba ya biyan ko kusa da haka. Ashe gardamar ba ta “a sayar ko kar a sayar” ba ce. Ita ce: wa zai sayar, a kan nawa, wa zai tsawata masa, kuma wa zai gyara idan ya lalace?

Na san abin da ke sa zuciyar mutanenmu ta ƙi amincewa, kuma ba na raina shi. Hadisi ya zo cewa Musulmi sun yi tarayya cikin abu uku: ruwa, ciyawa da wuta. Mun taso muna jin yadda Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a ita. Mai neman ruwan sha ba a hana shi a ƙasar Hausa. Amma malamanmu sun bambanta ruwan kogi da na tafki da ruwan da mutum ya wahala ya ɗebo ya zuba a mazubinsa, shi ya sa ba wanda ya taɓa haramta sana'ar ɗan garuwa. Ruwan madatsar Tiga kyauta ne daga Allah. Alif da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, da dizal, da bututu, da albashin wanda ke kwana yana gadin inji, su ne ba kyauta ba. Dalili na biyu na tsoro shi ne wutar lantarki. Tun da aka miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a Nuwamban 2013, ƙorafin jama'a bai canza ba: takardar biya tana zuwa da ƙiyasi, wuta ba ta zuwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Kalmar “haɗin gwiwa” kanta tana rufe abubuwa daban-daban, kuma daga nan ruɗanin ke farawa. Duk wanda ya taɓa sa mota a hanya zai gane bambancin. Akwai mai motar da ya ɗauki direba yana biyansa albashi: mota tasa, mai nasa, ciniki nasa, asara ma tasa. Wannan ita ce kwangilar gudanarwa. Akwai wanda ya ba direba mota ya ce kullum ka kawo balas kaza, mai da ƙananan gyare-gyare naka, in inji ya buga nawa ne. Wannan ita ce haya. Sai kuma wanda aka ce masa ga hanya nan mun ba ka shekara 25 ko 30, ka sayo motocinka da kuɗinka, ka yi jigila, in wa'adi ya cika ka bar mana su. Wannan ita ce damƙa harkar gaba ɗaya. 'Yan siyasa sun fi son ta ukun, domin tana zuwa da alƙawarin cewa gwamnati ba za ta kashe ko sisi ba. Ita ce kuma ta fi yawan rushewa a ƙasashe irin namu. Ta biyun, hayar, ita ce ta fi daɗewa a Afirka ta Yamma, kuma dalilin ya cancanci a tsaya a kansa.

A 1996 Senegal ta raba harkar ruwan biranenta gida biyu. Ta kafa kamfanin gwamnati mai suna SONES, shi ke da matatu da manyan bututu, shi ke ciyo bashi mai sauƙin ruwa daga Bankin Duniya da makamantansa ya faɗaɗa aiki. Sannan ta ba wani kamfani mai zaman kansa, SDE, hayar gudanarwa: tace ruwa, tura shi, toshe yoyo, karanta mita, karɓar kuɗi. Farashi kuma ya zauna a hannun gwamnati. Gwanintar tana cikin yadda ake biyan ɗan hayar. An yanka masa wani abu a kan kowace lita 1,000, amma aka ɗaure kuɗin da sharuɗɗa biyu: rage ruwan da ke zubewa a hanya, da karɓo kuɗin da ake bin mutane. In ya kasa kai ma'aunin da aka sa, daga aljihunsa za a cire. Wato an sa tukunyar gidansa ta dogara da tashin injin, kamar mai burtsatsen garinmu. Sannan aka ja wa gidajen talakawa fiye da 100,000 famfo a kan rangwame cikin shekara goman farko, don kowa ya ga amfanin abin a tsakar gidansa. Da wa'adi ya cika aka sake gasa, a 2020 wani kamfanin ya karɓa, ba tare da famfo ya ƙafe ba, saboda kadarar tun asali ba ta bar hannun ƙasa ba.

Ba sai mun je nesa ba ma. 'Yan uwanmu na Nijar, tsallaken Maigatari, sun bi wannan tsari tun 2001: SPEN mai kadara, SEEN mai gudanarwa, wanda kamfanin Veolia na Faransa ke da rinjayen hannun jari a ciki a lokacin. Duk mai zuwa Maraɗi ko Damagaram ya ga famfunan unguwa da ke da mai tsaro da mita, ana biya ana ɗiba. Damagaram ba ta rabu da ƙarancin ruwa ba, domin matsalarta ta tushen ruwan ce, kuma ɗan haya ba ya ƙirƙiro ruwan da babu. A ƙarshen 2023 yarjejeniyar ta ƙare, gwamnatin Nijar ta mayar da gudanarwar hannunta. Fiye da shekara 20 ana tafiya, aka rabu bututu na nan, ma'aikata na nan.

Akwai wani abu da ya taimaki ƙasashen nan biyu wanda mu ba mu da shi: kuɗinsu, sefa, a ɗaure yake da yuro. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin faɗuwar darajar kuɗi ita ce hanya ta farko da haɗin gwiwa ke mutuwa. Ruwa da naira ake sayar da shi, amma inji da mita da sinadarai da bashin waje duk da dala ake biyansu. A 1997 aka raba birnin Manila na ƙasar Filifin gida biyu, aka ba kamfanoni biyu. Na yamma, Maynilad, aka ɗora masa kusan kashi 90 cikin 100 na tsohon bashin waje. A shekarar ce kuɗin ƙasar ya faɗi warwas, bashin ya kusan ninkawa a dare ɗaya, kamfanin ya durƙushe, sai a 2007 wasu suka karɓe shi. Na gabas, Manila Water, mai ɗan ƙaramin bashi, ya samu sararin yin aiki, ya rage asarar ruwa daga kashi 63 zuwa ƙasa da 15. Gari ɗaya, shekara ɗaya, doka ɗaya. Yanzu mai karatu ya tuna cewa a watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Da wani kamfani ya ciyo bashin dala a 2022 ya shimfiɗa bututu a Gumel ko Bichi, to ko dai ya ninka farashi sau uku, ko ya tattara ya gudu. Wannan kasada ce da ba ɗan kasuwa ba ne ya haifar da ita, ba kuma shi zai iya maganinta ba. Gwamnati ce kawai ke da kafaɗar ɗaukarta.

Hanya ta biyu da abin ke mutuwa ita ce cinikin biri a sama. A 2003 Tanzaniya ta ba kamfanin City Water, wanda Biwater na Birtaniya ke jagoranta, hayar ruwan birnin Darussalam ta shekara goma. Kamfanin ya karɓi aikin a kan farashin da ya yi ƙasa da yawa, ya shigo ya tarar rajistar masu famfo a hargitse take, ba a san wa ke sha ba, wa ke biya. Kuɗin da yake karɓowa bai kai yadda ya yi lissafi ba, ya kasa biyan haya, ya nemi a sake zama. A watan Mayun 2005 gwamnati ta soke yarjejeniyar, aka fitar da shugabanninsa daga ƙasar. Aka yi shari'a a ƙasar waje, a 2008 aka yanke cewa ba za a biya shi diyya ba. Wannan labarin ya fi kowanne tsorata ni, saboda ya yi kama da halinmu. A garuruwanmu da dama taswirar bututun tana cikin kan wani tsohon ma'aikaci ne da ya kusa ritaya. Shi ya san inda aka binne mahaɗa, shi ya san layin da aikin titi ya fasa. Duk kamfanin da ya ce ya yarda zai karɓa ba tare da an ƙirga gidaje, an gwada kowace rijiya a tsakiyar bazara an ga abin da take bayarwa ba, to ko bai san aikin ba, ko kuma ya shirya dawowa da ƙorafi bayan an sa hannu.

Ta ukun ita ce gabatar da farashi kafin ruwa. A Kochabamba ta ƙasar Bolibiya an sa hannu a 1999 kan yarjejeniyar shekara 40, aka cusa kuɗin gina wata babbar madatsa a ciki, farkon 2000 takardun biya suka yi tsalle alhali ruwan bai ƙaru ba. Ga kuma sabuwar dokar da ta sa mutane suka ji har rijiyoyin da unguwanni suka haƙa da guminsu za su koma ƙarƙashin kamfani. Gari ya tashi, aka kashe wani yaro ɗan shekara 17, a watan Afrilu aka kori kamfanin. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne bayan korar, unguwannin talakawa na kudancin birnin sun ci gaba da sayen ruwan tanka shekara da shekaru. Korar kamfani ba ta kawo ruwa ba, kamar yadda kawo shi bai kawo ba.

Na yi ta maganar laifin kamfanoni, amma a nan gida abin da na fi jin tsoro shi ne abokin tarayyar, wato gwamnati. Manyan masu shan ruwa a kowane gari su ne asibiti, makarantar kwana, sakatariya, bariki. In waɗannan ba sa biya, kuma ba mai iya yanke musu, to ɗan haya zai huce a kan mai shayi da matar da ke dafa wake da shinkafa. Sai kuma zaɓe. Bututu yana shekara 30 ko fiye a ƙasa, wa'adin gwamna shekara huɗu ne. Ɗan takara ya hau mumbari ya ce in ya ci ruwa kyauta ne, an tafa masa, daga ranar kowa ya daina biya. Ko sabuwar gwamnati ta zo ta ce wannan kwangilar ta 'yan waccan jam'iyyar ce. Ɗan kasuwar da ya san haka na iya faruwa ba zai sa kuɗinsa a abin da ke binne a ƙasa ba, zai nemi ya kwashi ribarsa cikin shekara biyu, kuma wannan kansa ya isa ya kashe aikin.

Kada kuma a ɗauka sai da ɗan kasuwa ake gyaruwa. Hukumar ruwa ta Burkina Faso, ONEA, da ta Yuganda, NWSC, duk na gwamnati ne, kuma ana buga misali da su. Gana kuwa ta ɗauko kamfanin gudanarwa a 2006, da shekara biyar ta cika ba ta sabunta ba. Abin da ya haɗa waɗanda suka yi nasara shi ne an bar masu aiki su yi aiki, an sa musu ma'auni, ana duba su, kuma kuɗin ruwa yana komawa cikin ruwa.

Mu a Kano da Jigawa ba gina abu ne ya gagare mu ba. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka fara tura ruwan Challawa cikin birni. Audu Bako ya bar mana Tiga a 1974, madatsar Challawa ta Karaye ta biyo baya a 1992. Sabuwar matatar Tamburawa an yi ta don lita miliyan 150 a kullum, ta Watari miliyan 75. Abin takaicin shi ne akwai ƙauyukan da ke kallon ruwan dam da idonsu, 'ya'yansu mata na tafiya da bokiti a ka. Riƙo ne matsalarmu, kuma riƙo shi ne daidai abin da ɗan haya nagari zai iya yi.

To a gari irin namu, mai mutum dubu ashirin ko talatin, yaya abin zai kasance? Babu wani kamfanin Faransa da zai zo nan, kuma ba ma buƙatarsa. Jigawa tana da hukumar ruwan ƙananan garuruwa, STOWA, jihohin biyu kuma kowacce na da RUWASA mai kula da karkara. Su ya kamata su zama masu kadara: su haƙa, su ɗora tanki, su ja layi da kuɗin gwamnati, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sannan a ba ɗan ƙasa mai sanin aikin famfo haya ta shekara biyar zuwa bakwai, ta hanyar gasa a fili. Kuma kar a ba shi gari ɗaya. A ɗaure masa garuruwa da yawa a dami guda, mai riba da marar riba, domin ƙasarmu ba iri ɗaya ba ce. Wajen Haɗejiya da Gumel ƙasa ce mai yashi da ke riƙe ruwa a ƙarƙashi. Wajen Kazaure, Dutse, Birnin Kudu da yawancin yammaci da kudancin Kano kuwa dutse ne a ƙasa, sai an dace da tsaga ake samun ruwa, rijiyar ma takan ja baya a watan Afrilu. In aka bar 'yan kasuwa su zaɓa, kowa zai ruga inda ruwa ke kusa, a bar na kan dutse da ƙishirwarsu.

Sola ta rage mana nauyin dizal, alhamdu lillahi, amma ta zo da nata tarkon. Da yake ba a sayen mai kullum, sai jama'a su ga ai babu abin biya. A yi shekara uku ana sha, ranar da sumo ya ƙone ko aka sace faranti, a duba asusu ba ko kwabo. Don haka daga kowace jarka dole a ware wani kaso zuwa asusun gyara, wanda ba a taɓa shi sai da sa hannun mutum uku: na hukuma, na ɗan haya, da na jama'ar gari. A cikin wakilan jama'a kuma a sa mata, don su suka san ranar da ruwa ya zo da laka da ranar da bai zo ba sam. A rubuta a yarjejeniya cewa in famfo ya wuce kwana uku a tsaye ana cire wa ɗan haya kuɗi, in kuma ofishin gwamnati ya wuce wata uku bai biya ba a cire daga kasonsa tun daga sama. A manna farashi a jikin kowane famfo, a karanta lissafin wata a ƙofar fadar hakimi da Hausa. Yarjejeniyar da ke kulle a durowar kwamishina, da Turancin lauyoyi, ba ta kare kowa. A kuma sami mai raba gardama wanda ba ɗan haya ne ke biyansa ba, kuma ba a iya cire shi da wayar tarho ɗaya.

Saura 'yan garuwa, waɗanda masu tsara takardu a ofis kan manta da su. Da yawansu baƙi ne 'yan ci-rani, da wannan kurar suke aika wa iyalansu abinci. Su ne suka riƙe garin duk shekarun da tankin ke bushe, kuma ko an gyara, layi ba zai kai kowane lungu ba a shekarar farko. Na zauna da wani dattijo a cikinsu a bakin burtsatse, tafin hannunsa duk kanta, yana ɗaure bakin wata jarka da leda saboda murfin ya ɓata. Na ce masa: “Baba, in aka gyara tankin can, ba ku shiga uku ba?” Ya ɗago ya ce: “Ɗana, in za su sayar mana da araha kuma ba layi, ai sawu goma zan yi maimakon shida.” A ware musu famfonsu mai faɗin baki a kan farashin sari, a yi musu rajista, a sa musu sharaɗin wanke jarka saboda amai da gudawa da ke zuwa mana da damina. Waɗanda suka iya lissafi a cikinsu, su ya fi dacewa a fara ba tsaron famfunan unguwa, tunda babu gidan da ba su san yawan jarkar da yake sha ba.